Waken Amurka da namu: jinsi ɗaya ne, gadon ne ba ɗaya ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni dillalin wake ne a kasuwar Mile 12 a Legas. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya aiko mini hoton waken da yake saya a kanti can, fari mai baƙin ido, sak irin namu. Ya ce gonakinsu suna ba da ninkin abin da namu ke bayarwa. Shin waken nan ɗaya ne da namu har cikin jininsa? In ɗaya ne, me zai hana in sa ya aiko da iri mu shuka a gonarmu ta gida a ƙasar Bichi, mu haƙura da Kanannado?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Abin da ƙanenka ya gani wake ne na gaske, jinsinsa ɗaya da wanda kake aunawa a Mile 12. Da za a ɗauki garin furen wancan a shafa wa furen Kanannado, za su yi barbara su ba da 'ya'yan da za su tsiro su ma su haihu, kuma wannan ce shaidar farko da muke nema kafin mu ce tsirrai biyu jinsi ɗaya ne. Sai dai gadon da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Waken Amurka wani yanki ne da aka ɗiba daga dukiyar waken Afirka, aka tsallaka teku da shi, aka yi ta gyaransa don ya dace da ƙasar can. Mafi yawan abin da yake ɗauke da shi akwai shi a nan. Abin da ke nan kuwa, da yawansa bai taɓa barin nahiyar nan ba.

Kafin mu yi nisa, kada ka haɗa shi da waken gwangwani da ake ci da burodi. Wannan wani jinsi ne dabam, ɗan asalin Meziko da tsaunukan Amurka ta Kudu, kuma ba ya barbara da namu ko da an shuka su a kunya ɗaya.

Kowane tsiro yana ɗauke da umarnin halittarsa a cikin ƙwayoyin jikinsa, shi ne ake kira DNA. A wake an jera wannan umarni a kan sanduna 22, sha ɗaya daga ɓangaren uwa, sha ɗaya daga ɓangaren uba, kuma a kansu akwai ƙwayoyin gado kusan 30,000. Duk waken duniya yana da waɗannan ƙwayoyi, kowace a gurbinta. Inda ake rabuwa shi ne ƙwaya ɗaya tana iya zuwa da siga fiye da ɗaya. Wata sigar ta sa ɓawon wake ya yi ja, wata ta sa ya yi fari. Wata ta sa ya yi fure da wuri, wata ta sa ya jira ƙarshen damina. Yawan waɗannan sigogi a cikin al'ummar tsiro shi muke kira bambancin gado, kuma kai ka fi ni ganinsa da ido, domin shi kake ciniki kullum. Mai sayar da abinci a Ketu da ta nace sai oloyin saboda zaƙinsa, da mai ƙosai a Idi-Araba da ke neman farin wake mai saurin sakin ɓawo, sigogin gado suke zaɓa ko da ba su taɓa jin sunan ba.

Sababbin sigogi suna fitowa ne a hankali. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, kuma jefi-jefi ana samun ɗan sauyi a wurin kwafin. Yawancin sauyin ba ya haifar da komai, wani ya cutar, wani kuma cikin ikon Allah ya zama alheri. Saboda haka duk inda tsiro ya fi daɗewa, can sigoginsa suka fi taruwa. Sannan in ya tashi tafiya wata nahiya, ba duka yake kwashewa ba. Ka ɗauka kana da buhu guda da aka cakuɗa wake iri ashirin a ciki, baƙo ya sa hannu ya ɗebi cikin tafi ɗaya ya wuce. Wataƙila iri biyar ko shida ne suka faɗo hannunsa, kuma waɗanda suke ƙalilan a buhun da wuya ya samu ko ƙwaya. In ya je garinsu ya shuka, ko ya cika rumbu ɗari, daga waɗannan biyar ko shidan ne. Kusan duk labarin tsirran da ake samu a nahiyoyi da dama yana komawa ga tambayoyi biyu: yaya girman abin da aka ɗiba, kuma tun yaushe aka rabu.

Idan rabuwar ta kai miliyoyin shekaru, sai ka ga an zama jinsi dabam-dabam. Kuka ita ce misali. A duniya akwai jinsin kuka takwas: shida a tsibirin Madagaska, ɗaya a arewa maso yammacin Ostireliya, ɗaya kuma tamu ta miyar kuka da ta bazu a faɗin Afirka. Binciken DNA da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa Madagaska ce tushen zuriyar, daga can 'ya'yanta suka bi ruwan teku suka isa inda suka isa. Tamu ta fita dabam ta wata fuska, domin sandunan gadonta ninki huɗu ne, alhali sauran ninki biyu suke da shi. Kukar da ake gani a Indiya kuwa ba sabon jinsi ba ce, tamu ce, mutane ne suka kai ta ta hanyar fataucin tekun Indiya.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a wannan babi shi ne duma, wanda muke fafe ƙwarya da ludayi da gora da shi. Ɗan asalin Afirka ne. Amma masu tonon kayan tarihi sun samu ɓaraguzansa a wani kogo a Meziko masu shekara kusan 10,000, tun kafin a fara noman masara. Yaya aka yi ya je? An daɗe ana gardama. A 2005 wasu masana suka ce DNA ɗin tsoffin ɓaraguzan ya fi kama da duman Asiya, don haka mutanen farko ne suka ɗauko shi daga can. A 2014 aka sake gwajin da faɗi, aka karanta kaso mafi girma na gadon, sai sakamakon ya juya: duman Amurka na dauri ya fi kusa da na Afirka. Tun a shekarun 1950 kuwa an gwada an ga cewa busasshen duma yana iya yin kusan shekara guda yana yawo a ruwan gishiri, 'ya'yansa kuma su tsiro bayan haka. Ke nan mai yiwuwa ya faɗa kogi a gaɓar Afirka, igiyar ruwa ta ratsa da shi tekun Atlantika, wannan tekun da kake gani in ka je Lekki. Na kawo maka gardamar ne don ka ga cewa kamannin ido ba ya yanke hukunci a wannan ilmi, kuma ko gwajin DNA ma sai an karanta da yawa kafin a amince.

Idan kuma mutum ne ya ɗauki tsiron a 'yan ƙarnukan nan, abin da ake samu shi ne gonaki masu faɗi a kan gado ɗan ƙarami. Ka sha jin ana cewa a shekarun 1960 'yan Maleshiya suka zo Najeriya suka ɗauki irin kwakwar manja, ga shi yau sun fi mu. Labarin ba haka yake ba, kuma gaskiyarsa ta fi amfani. Kwakwar manja ta isa yankinsu tun 1848, lokacin da aka dasa itatuwa huɗu kacal a lambun Bogor da ke tsibirin Java na ƙasar Indonusiya. Daga zuriyar waɗannan huɗun aka kafa gonakin Sumatra, aka kafa gonar kasuwanci ta farko a Maleshiya a 1917. Yau Indonusiya da Maleshiya suna samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, amma uwayen itatuwansu mafi yawa daga waɗannan huɗun suka fito. Masu gyaran irinsu sun san hatsarin haka, domin ba za ka iya zaɓo abin da babu shi ba. Shi ya sa a 1973 suka zo, tare da haɗin gwiwar cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, NIFOR, da ke kusa da birnin Benin, suka bi dazuzzukan kudancin Najeriya suna tattara 'ya'yan kwakwa. Abin da suka zo nema shi ne sigogin da huɗun nan ba su tafi da su ba, kamar gajeren tsayi mai sauƙin girbi. Suna da gonaki da injuna da kuɗi, mu kuma muke da buhun.

A nan Legas ma akwai misali a gabanmu. Ciyawar ruwan nan mai fure shuɗi-shuɗi da ke toshe hanyar kwale-kwale a Ikorodu duk ƙarshen shekara 'yar yankin Amazon ce, ta shigo ruwan Legas ta rafin Badagry a 1984. Tana yaɗuwa ne ta hanyar tohowa daga jikin uwa, ba sai ta iri ba. Da aka tattara ta daga nahiyoyi dabam-dabam aka gwada, sai aka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na samfuran duk kwafin tsiro ɗaya ne. Wannan ya nuna ƙarancin bambancin gado ba ya hana tsiro mamaye wuri, muddin bai gamu da abin da zai ci shi ba. Matsalar tana zuwa ne ranar da abokin gaba ya iso.

Ranar ta zo wa tumatir a 2016, kuma kowa a Mile 12 ya shaida. Tumatir ɗan tsaunukan Andes ne, an mai da shi amfanin gona a Meziko, Turawan Sifen suka kai shi Turai, daga can ya zo mana. A kowane zango an rage wani abu, har masana suka ƙiyasta cewa tumatirin gona bai riƙe ko kashi 5 cikin 100 na bambancin gadon danginsa na daji ba. Wasu daga cikin waɗannan dangi suna da gashi a ganye mai fitar da sinadarin da ke korar ƙwari, tumatirinmu ba shi da irin wannan kariya. Tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon ta taso daga Amurka ta Kudu, ta shiga Sifen a 2006, ta ratso har Kadawa a jihar Kano da gonakin Kaduna. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuɗin kwando ya ninka sau da yawa a Legas. Ban ce ƙarancin gado ne kaɗai sanadi ba, akwai zafi da rashin maganin da ya dace. Amma babu wani irin tumatir a gonakinmu da ya tsaya mata.

To, mu dawo kan wake, wanda shi ne aka tambaya. A nan mu ne masu gida. An samu ƙwayoyin wake a wuraren tono na Kintampo a tsakiyar Ghana masu shekara fiye da 3,500. Danginsa na daji sun fi yawa a kudanci da gabashin Afirka, shi kuma na gona ya fi yawan iri a yankinmu, daga arewacin Najeriya da Nijar zuwa Burkina Faso da Kamaru. Gwajin DNA ya raba waken gargajiya na Afirka zuwa manyan gidaje biyu, na yamma da na gabas da kudu. Daga nan ya fita. Ya isa Indiya fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a Asiya manoma suka yi ta zaɓen mai dogon kwanso har suka fitar da irin da kwansonsa ke wuce kamu guda, ana cin sa ɗanye-ɗanye kamar kayan lambu. Ya isa nahiyar Amurka ta hannun Turawan Sifen da kuma jiragen bayi. Wanda ƙanenka ya saya, akwai yiwuwar daga California yake, inda ake noma iri ƙalilan da aka gyara don ban-ruwa da girbin inji.

Me zai faru in ka kai shi Bichi? Abu na farko shi ne tsawon rana. Kanannado yana auna tsawon yini. Ba ya fure sai rana ta fara gajarcewa wajen ƙarshen damina, saboda haka ko an shuka shi da wuri ko an makara, kwansonsa yana nuna ne bayan ruwa ya ɗauke, ya bushe tsaf ba tare da ruɓewa ba. Kafin lokacin kuma yana ta yaɗo a ƙarƙashin gero da dawa, shi ya sa yake ba da harawa mai yawa, wadda ka san kuɗinta da rani. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan a ofis. Kakanninka ne suka yi ta ajiye irin da ya yi kyau shekara bayan shekara, har agogon da ke cikin gadonsa ya daidaita da daminar ƙasar Kano. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Legas tana kan shida da rabi, gonakin California kuwa sun haura 35. Waken can bai damu da tsawon yini ba, kwanaki kawai yake ƙirgawa. In ka shuka shi tare da gero a farkon damina, zai yi fure ruwa yana tsakiyar zuba, kwanson ya nuna cikin laima, kuma inuwar gero za ta danne shi domin ba a gyara shi don zama ƙarƙashin wani ba. Harawa kuma kada ka sa rai.

Haka abin yake ga dawa. Binciken da aka yi a Samaru a shekarun 1960 ya nuna cewa dawar kowane yanki a arewa tana fitar da kai ne daidai da lokacin ɗaukewar ruwan yankinta, in ka matsa da ita kudu ko arewa sai lissafin ya ɓaci. Su ma Amurkawa da suka so amfana da dawar Afirka, irin su Kaura mai ƙwaya rawaya, sai da suka buɗe wani shiri a Texas a 1963 don gajarta tsayinta da cire mata wannan auna rana, sannan ta yi musu amfani.

Abu na biyu shi ne abokan gaba. Ƙudujin wake, ciyawar nan da ke maƙalewa a saiwarsa tana tsotse shi, ba iri ɗaya ba ne, shi ma yana da nasa bambancin gadon: wanda ke Najeriya da Nijar dabam, na Mali dabam, na Jamhuriyar Benin dabam, kuma waken da ya gagari wannan ba lalle ya gagari wancan ba. Waken California bai taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba. A nan zan faɗa maka abin da masu yabon irin gargajiya kan manta: yawancin waken gidanmu ma ƙuduji yana cin sa. Kariya mafi ƙarfi da aka samu ta fito ne daga wani waken gargajiya na Botswana da ake kira B301, mai ƙananan ƙwayoyin da ba za ka saya ba ko an kawo maka rumfa. Masu bincike na IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, a reshenta na Kano suka yi barbararsa da irin da kasuwa ke so, daga wannan aiki aka samu irin su SAMPEA 10 da aka fitar a 2008. Saboda haka ba ina cewa duk abin da ya zo daga waje ba shi da amfani ba ne. Hanyar amfana da shi ita ce a ciro sigar da ake buƙata a saka ta cikin irin da ya san ƙasar, ba a tuge na gida a dasa baƙo ba.

Wani lokaci ma a duba duk buhun a rasa. An tantance dubban irin wake ana neman mai ƙarfin jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanso, ba a samu wanda ya isa ba. Dalilin ke nan da ya sa cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, IAR, ta fitar da SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka saka masa ƙwayar gado daga wata bakteriya da ke rayuwa cikin ƙasa. Muhawarar da ake yi a kansa magana ce ta wata rana.

Labarin rogo yana nuna ɗaya fuskar, kuma Legas tana da hannu a ciki. Rogo ɗan kudancin Amazon ne, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16. A ƙarni na 19 'yantattun bayi da suka dawo daga Brazil, waɗanda ake kira Aguda, masu unguwa a tsibirin Legas, sun taimaka wajen yaɗa sana'ar yin gari. Yau babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo. Amma ɗiban farko ƙarami ne, kuma da yake karansa ake dasawa, kowace gona kwafin uwa ce. A Afirka ya gamu da cutar da ke murɗe ganye ta sa shi dabbare-dabbare, wadda farin ƙuda ke yaɗawa, cutar da babu ita a ƙasarsa ta asali. An fara ba da rahotonta a Tanzaniya a 1894. A shekarun 1930 masu bincike a Amani, can Tanzaniya, suka haɗa rogo da wani ɗan uwansa na daji daga Brazil, kuma daga zuriyar wannan haɗi ne IITA ta fitar da irin su TMS 30572 a shekarun 1970. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne na bayan wannan. An gano wata kariya mai ƙarfi a cikin rogon gargajiya na Najeriya da Benin da Togo, sauyin gado ne da ya faru a nan, manoma suka lura da tushen da bai kamu ba suka riƙa yankar karansa suna rarrabawa. Da cutar ta ɓulla a Kambodiya a 2015 ta bazu a kudu maso gabashin Asiya, rogon Afirka ta Yamma suka nema don gyara nasu. Baƙon tsiro in ya daɗe a hannun manoma masu lura, sabon gidansa ma yana ƙara masa abin da tsohon gidan ba shi da shi.

Mutumin da ya fara jera wannan ilmi a kan taswira ɗan ƙasar Rasha ne, Nikolai Vavilov. Ya zaga nahiyoyi biyar yana tattara iri, har Habasha ya je a 1927, kuma shi ya nuna cewa bambancin kowane amfanin gona yana da inda ya fi taruwa. Gwamnatin Stalin ta kama shi a 1940, ya mutu da yunwa a kurkukun Saratov a 1943. A lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad na Rasha ƙawanya a yaƙin duniya na biyu, wasu ma'aikatan cibiyarsa sun mutu da yunwa suna gadin buhunan shinkafa da gyaɗa, ba su taɓa su ba. Bayansa wani masanin tsirrai Ba'amurke, Jack Harlan, ya gyara wani ɓangare na ra'ayin, ya nuna cewa a Afirka ba wuri ɗaya ba ne tushe, doguwar shimfiɗa ce daga Senegal zuwa Habasha, kuma ƙasar Hausa tana tsakiyarta. Gero, dawa, wake, gujiya, acca, duk 'yan wannan shimfiɗa ne. Yau rumbun iri na IITA a Ibadan yana riƙe da samfurin wake fiye da 15,000, mafi girma a duniya, kuma an kai kwafinsu rumbun Svalbard na ƙasar Norway tun buɗe shi a 2008. Aiki ne mai daraja, amma irin da ke kwance cikin sanyi ya tsaya cak a ranar da aka ajiye shi. Damina tana sauyawa, ƙuduji yana sauyawa, wanda ke gona ne kawai yake sauyawa tare da su.

A nan ne maganar ta shafe ka kai tsaye, Alhaji, fiye da yadda ta shafi ƙanenka. Manomi a Borno ko Yobe ko Jigawa yana shuka abin da dillali zai saya, dillali kuma yana sayen abin da Legas ke nema. In Mile 12 ta ce iri biyu ko uku kaɗai take so, cikin 'yan shekaru sauran za su fara ɓacewa daga gonaki ba tare da kowa ya yi niyya ba. Wake kuma yana da wata ɗabi'a da ta sa wannan ya fi muni. Furensa yana barbarar kansa tun kafin ya buɗe, saboda haka kowane iri kusan a tsaye yake, kuma bambancin yana tsakanin wannan ƙauye da wancan ne. Gero ba haka yake ba, iska ce ke kai garin furensa daga wannan zangarniya zuwa waccan, gona ɗaya ma cike take da sigogi. In ƙauye ɗaya ya daina noman geronsa, mafi yawan gadon yana nan a maƙwabta. In ƙauye ɗaya ya daina noman wakensa, mai yiwuwa ya tafi ke nan. Ina roƙonku dillalai ku riƙa sayar da kowane iri da sunansa, kada ku cakuɗa su ku kira shi farin wake kawai, domin irin da ke da suna a kasuwa yana da farashi, mai farashi kuma ba a daina shuka shi.

Game da aiko da irin, shawarata kada ka yi. Waken kanti ba iri ba ne, ba a tantance lafiyarsa don shuka ba, kuma akwai cututtukan wake da ke tafiya a cikin ƙwaya. Shigo da iri yana buƙatar izinin NAQS, hukumar da ke tantance lafiyar kayan gona da ake shigowa da su Najeriya, kuma dokar tana da dalili. Yawan amfanin da ƙanenka ya faɗa gaskiya ne, amma kaso mai yawa na dalilinsa ba a cikin ƙwayar yake ba: wake zalla suke shukawa a matse, da ban-ruwa, da taki, da feshi a kan lokaci. Naku kuwa yana warwatse ne a tsakanin gero, kuma rabin amfaninsa harawa ce da ba a sa ta a ma'auni.

In kana son ƙarin ƙwaya, nemi ingantaccen irin wake na SAMPEA daga amintaccen mai sayar da iri ko ofishin gona na jiha, ka faɗa musu ko gonarku tana da ƙuduji. Ku ware masa fili guda ku shuka shi zalla, ku bar Kanannado a inda ya saba, ku gwada damina biyu ko uku kafin ku yanke shawara, domin shekara ɗaya ba ta isa shaida ba. A lissafin ku haɗa da kuɗin harawa da farashin kowane buhu a Mile 12. Irin Kanannado kuma ku riƙa tsince shi daga tushe da yawa a sassan gona, a busar da shi sosai, a ajiye a buhun PICS mai ninki uku ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga. In ƙanenka yana son ya sa hannu, ya aiko da kuɗin waɗannan buhuna da na feshi biyu ko uku, na farko daidai lokacin da wake ya fara fitar da fure.